Ƙwaryar Malam Ladan

Lahadi, da hantsi

Rabe ya tafi. Da kaina na raka shi kasuwar Shasha, na ga ya hau motar albasa da za ta koma Sakkwato, na tsaya har ta fita daga kasuwa ko zai canza shawara. Bai canza ba. Mahaifinsa ne ba lafiya, ya ce bai san ranar dawowa ba. Allah ya ba tsohon lafiya. Da zuciya ɗaya na yi wannan addu'a, amma gara in rubuta gaskiya: ban taɓa matsuwa wani tsoho ya warke kamar wannan ba.

Ga yadda abin yake. Tun kafin azumi nake zuwa zance gidan Malam Ladan, wurin autarsa Surayya, ran Laraba da Asabar bayan La'asar. Rabe ne ɗan rakiya. Duk zuwan da muka yi, sai an fito mana da ƙwaryar madara daga wurin mahaifiyarta, Inna Mero. Inna Bafulatana ce, danginta na can wajen Iseyin da shanunsu, su ne ke aiko mata da nono. Kindirmo na sayarwa ne, kowa a unguwarmu ta Sabo yana iya saye. Madara kuwa, wadda aka tafasa aka bar ta da manta a sama, ba kowa ake ba ba.

Ni ba na iya shan madara.

Rabe ne ke shanyewa. Ni aikina in fito da hankici in goge baki lokacin da za a mayar da ƙwarya. Ban taɓa cewa ni na sha ba. Goge baki kawai nake yi.

Surayya ta sani, tun da a gabanta ake yi. Ita ce ma ta gaya mini labarin wani ɗan canji da ya riga ni zuwa, mai mota, wanda ya mayar da ƙwarya da saura har sau biyu. Inna ba ta ce komai game da madara ba. Cewa ta yi hankalinta bai kwanta da idanunsa ba, kuma daga nan maganarsa ta mutu.

Malam ya ce ƙarshen watan nan zai gaya mini ko in turo magabata ko in dakata. Wannan ne karo na uku da ya ɗaga maganar. Kawu Zubair ya ce in aka sake ɗagawa shi ya cire hannunsa, ba zai yi ta guge babbar riga a banza ba.

Litinin, lokacin hutun rana a wurin aiki

Zan rubuta bayanin a tsanake, don Hajiyarmu har yau tana cewa jedi-jedi ne, wato basir, tana so in sha agbo, jiƙon Yarabawa.

A cikin madara akwai sukari mai suna laktos. Sukari biyu ne a manne, gulukos da galaktos, kuma jiki ba ya iya ɗaukarsa sai an raba su. Abin da ke rabawa wani enzayim ne a ƙaramin hanji, laktes. Jarirai na da shi. Bayan yaye, a jikin yawancin mutanen duniya, sai a rage yin sa har ya kusa ƙarewa. Fulani da yawa nasu ba ya raguwa. Nawa ya ragu tun ina firamare.

Saboda haka laktos ɗina wucewa yake yi cikakke zuwa babban hanji, inda bakteriya suke zaune suna jiran abin da ya sawwaƙa. A kan ɗaya daga cikinsu, E. coli, na yi aikina na shekarar ƙarshe. Tana da ƙwayoyin gado uku a jere, kamar shaguna uku masu ƙofa ɗaya. A bakin ƙofar akwai wani furotin da ke zaune kamar maigadi, in babu laktos ba ya motsi, shaguna na rufe. Da zarar laktos ya iso, kaɗan daga cikinsa ya ɗan sauya siffa ya manne wa maigadin, sai ya tashi. Shago ɗaya ya shigo da laktos, na biyu ya raba shi, na uku kuwa har yau masana ba su gama yarda da amfaninsa ba. Abin da ke biyo baya shi ne tsami da iska.

Na ci wannan darasi da maki mai kyau. Ban san tarihin rayuwata nake karantawa ba.

Don adalci: E. coli ba ita ce mafi yawa a hanji ba. Akwai wasu da yawa da ke da hannu a ciki. Ita ce dai na sani da suna.

Laraba, bayan Azahar

Wataƙila tun da ni kaɗai ne, ƙaramar ƙwarya za a kawo.

Laraba, bayan Magariba

Ba ƙarama ba ce.

Alhamis, da safe

Ban je aiki ba. Lafiyata ƙalau.

Alhamis, da yamma

Yanzu zan iya zama in rubuta na jiya.

Surayya ta ajiye ƙwarya ta ɗaga faifai, ta dubi gurbin da Rabe ke zama, ta dube ni. Ta ce, "To, Malam Bakteriya, yau sai yaya?" Na ce ko za ta taimaka. Ta ce ita Inna na jin warin madara a bakin mutum daga tsakar gida, kuma in aka gane ita ta sha, ni ne zan ji kunya. Sai da na kai rabi ta ce mini pele, sannun Yarabawa, amma tana dariya ta faɗa, don haka ban ƙirga shi a jaje ba.

Gaskiya madarar na da daɗi. Wannan ma ya ƙara mini baƙin ciki.

Da Magariba na nemi ƙarshen sahu, kusa da ƙofa, saboda dalilan da ba sai na rubuta ba. Na tarar Malam Ladan ya riga ni. Na manta wurinsa ne. Duk Sabo an san nan yake tsayawa, ko da shi ya fara shigowa masallaci. Mutum ne mai karatu, amma ko liman ba ya nan aka ce ya ja salla, sai ya tura wani. Ana ba da misali da shi wajen tawali'u. Na tsaya kusa da shi. Ya dube ni ya yi murmushi, ina jin ya ɗauka koyi nake yi da shi.

Allah ya rufa asiri, an yi sallama lafiya. Ban tsaya addu'a ba.

Juma'a, bayan an sauko

Na zaga kantunan magani na unguwar Mokola ina neman laktes na ƙwaya, wanda ake taunawa tare da madara. Wani ya ba ni maganin olsa. Wata ta tambaye ni ko jariri ne ba lafiya. Na ce babba ne. Ta ce da Yarabanci, to babban ya daina shan madara mana, dole ne? Na ce mata dole ne.

Na kira Sumayya, 'yar ajinmu da ke aiki a wani babban kantin magani a Legas. Ta ce suna kawowa amma ya ƙare, in ya zo za ta ba direba. Ta tambayi dalili. Na ce bincike nake yi. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Juma'a, bayan La'asar

Na samu mafita, kuma tun tuni tana cikin aikina na jami'a.

E. coli ta fi son gulukos. In aka ba ta gulukos da laktos tare, ba ta kula laktos sai ta cinye gulukos tas. Muddin akwai gulukos, laktos ba ya samun shiga sosai, kuma siginar da ke kiran ma'aikata su buɗe shagunan nan tana ƙasa. Da idona na gani a kwalba: ta yi girma, ta tsaya ta huta, sannan ta koma kan laktos. Ni na zana jadawalin, malaminmu har ya nuna wa 'yan aji.

To, in na cika cikina da gulukos kafin in tafi zance, za su shagala da shi, laktos ya wuce ba wanda ya ce masa sannu. Ba sukarin shayi ba, wannan sukuros ne, wani abu ne daban. Na sayi garin gulukos na gwangwani.

Hankalina ya kwanta. Wannan ne amfanin karatu.

Asabar, kafin La'asar

Na sha cokali shida a ruwa. Na ƙara biyu don kokwanto.

Lahadi, da rana

Gulukos a ƙaramin hanji ake tsotse shi. Ba ya kaiwa babban hanji. Ni na shanye gulukos ɗin, su suka samu laktos su kaɗai, ba mai damunsu.

Duk ɗan aji biyu ya san wannan. Ciki ba kwalba ba ne.

Jiya a keke mai ƙafa uku na tuna, wajen gadar Mokola, kuma ba zan rubuta maganar keken ba. Mai keken mutumin kirki ne. Matar da ke kusa da ni ce ba ta da haƙuri.

Litinin, da yamma

Na haɗu da Malam a bakin shagonsa na littattafai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Abdulrahim, me ya sa sai Laraba da Asabar? Gida gidanku ne. Ka riƙa zuwa kullum."

Ban taɓa jin uban yarinya ya faɗi haka ba. Na gaya wa Kawu Zubair, ya ce shi ma bai taɓa ji ba, amma alama ce mai kyau. Na tambaye shi in alama ce mai kyau me ya sa ake ta ɗaga maganar. Ya ce in je in tambayi kwalabena.

Kullum. Na lissafa yawan laktos ɗin da ke cikin ƙwarya ɗaya, na ninka da bakwai, sai na rufe biro.

Laraba, bayan Magariba

Na tafi da niyyar faɗin gaskiya. Na shirya maganar tun a wurin aiki: Inna, ba ƙin madararki nake yi ba, halitta ce. Na cire kalmar enzayim, na mayar, na sake cirewa.

Surayya ta ce in faɗa mana, ai ba sata na yi ba. Can kuma ta ce a'a, in bari sai bayan an sa rana. Can ta ce ita dai ba ruwanta. Muna cikin haka sai muryar Inna daga bayan labule. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, saboda kunya irin tasu. Ba ta kira sunana ba. Ta ce, "A gaya wa baƙon, na ji daɗin yadda ba ya raina abin hannuna. Yaran yanzu sai lemon kwalba."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Inna."

Abin da na faɗa ke nan. Duka.

Da ta koma ciki, Surayya ta ƙara mini wani nauyin. Ashe madarar nan ba domina ake dafa ta ba. Ta Malam ce. Tun da aka yi aurensu, kullum bayan La'asar Inna ke kai masa ƙwaryar madara, ba ta taɓa fashi ba sai in haihuwa ta yi. Duk ran da na zo, shi ne ke cewa a kai wa yaron nan. Haka ya yi wa mazajen yayyenta uku lokacin da suke nema. Ta ce, "Ka ga yadda Baba ke son ka? Abincin bakinsa yake ba ka."

Dattijo ya hana kansa domina. Na shanye har da kurɓar ƙarshe.

Alhamis

Lafiyata ƙalau. Oga ta ce in na ƙara fashi ran Alhamis in kawo takardar likita. A ɗakin gwaji nake aiki, na san abin da takardar za ta ce.

Juma'a, da safe

Rabe ya kira. Tsohon ya fara cin tuwo. Na yi murna ƙwarai, na tambaye shi yaushe ke nan. Ya ce sai an ga ƙarfin jikinsa. Ya tambaye ni ko har yanzu ana saka man nan a sama. Na kashe waya.

Sumayya ta ce kaya na hanya. Kullum kaya na hanya.

Asabar, da hantsi

Na tashi da azumin nafila. Na gaske ne, na yi sahur, don ba zan yi ƙarya da ibada ba. In aka kawo ƙwarya bayan La'asar, sai in ce ina azumi. Ba wanda zai ji haushin mai azumi. Malam ya sha abinsa, ni in samu lada. Na duba shirin ta kowace fuska, har ta fuskar hanji wannan karon. Ban ga ɓaraka ba.

Asabar, bayan La'asar

Ya yi aiki. Surayya ta mayar da ƙwarya cike, ta dawo ta ce Inna ta ce madalla da yaro mai ibada. Na dawo gida a ƙafa, a hankali, ina gaisawa da mutane. Na manta yadda Sabo take da kyau in mutum ba sauri yake yi ba.

Lahadi, da rana

Jiya ana idar da Magariba, na ɗauki dabino ke nan, aka yi sallama a ƙofar gidanmu.

Malam Ladan ne. Da kansa. Riƙe da ƙwarya a hannu biyu, an rufe da faifai. Ya ratso layin masu canji da ita, ya wuce masu suya, duk unguwa na kallo. Hajiyarmu ta rasa inda za ta sa kanta. Ya ce ba zai zauna ba, ya dai ga bai kamata mai azumi ya rasa rabonsa ba, har ya sa an ƙara. Ya ce zai jira ƙwaryar, don Inna ba ta son ta kwana a waje.

Ya tsaya. Na sha. Cikin da ba komai sai dabino ɗaya.

Sannan ya ce mu tafi Isha tare.

Ba zan rubuta Isha ba. Zan rubuta abin da ya tabbata kawai. Ni ne a ƙarshen sahu, don na roƙe shi ya matsa ciki, ya matsa yana kallona. Na fita. Na dawo. Na sake fita. Famfon masallaci na da ƙara in ana alwala, ban taɓa lura ba. Liman ya ja doguwar sura. Akwai wani lokaci a raka'a ta uku da masallaci ya yi tsit, kuma ba ni da abin cewa game da wannan lokacin.

A gida na rama sallar.

Litinin

Ban bi ta gaban shagon littattafai ba. Ta bayan makarantar Islamiyya na zaga.

Talata, da yamma

Mai shayin bakin layi ya tambaye ni ko in sa madara, sai mutanen benci suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Wataƙila ba komai ba ne. Na ce baƙi nake so.

Surayya ta turo saƙo. Ta ce tun ran Asabar Baba bai ambaci sunana ba, kuma jiya ya zauna shi kaɗai a zaure da ƙwaryarsa har aka kira Magariba. Ta ce gobe kada in zo, Baba ya ce sai ya neme ni. A ƙarshe ta rubuta: "Me ka yi?" Na rubuta mata amsa mai tsawo, da bayanin maigadi da shaguna uku. Na goge. Na ce mata ban yi komai da gangan ba.

Ba ta kira ni Malam Bakteriya ba. Abdulrahim ta ce.

Laraba, bayan La'asar

Ina gida. Cikina lafiya lau, bai taɓa yin shiru haka ran Laraba ba. Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Alhamis, da rana

Kayan Sumayya sun iso. Ƙaramar roba, ƙwayoyi farare. Na karanta takardar ciki har sau biyu. Da sun zo makon jiya.

Na sa a aljihu duk da haka. Ban san dalili ba.

Juma'a, bayan an sauko

Malam ya tare ni a ƙofar masallaci. Bai amsa gaisuwata har ƙarshe ba. Ya ce gobe bayan La'asar in same shi a zaure, ni kaɗai.

Kawu Zubair ya ce in aka ce ni kaɗai, to ba sai ya yi guga ba.

Asabar, bayan Magariba

Zan rubuta a jere kada in manta.

Na same shi zaune a kan buzu, ƙwarya a gabansa, ba a ɗaga faifai ba. Ya ce in zauna. Ya leƙa ta labule, ya tabbatar ba kowa, ya dawo. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na fara cewa ban gane ba. Ya ɗaga hannu. Na ce tun ina firamare, Baba. Ya ce to wa ke shanyewa duk watannin nan? Na ce Rabe. Ya gyaɗa kai, ya ce dama ya yi mamakin yadda yaron nan ke ƙiba ni ina nan yadda nake.

Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai ya ce, "Ni tun ran da na fara zuwa rugarsu."

Ya ba ni labarin da murya ƙasa-ƙasa. Yana saurayi ya je sayen fata wajen Iseyin, wata yarinya ta kawo masa madara a ƙwarya. Ya sha, ya ce mata bai taɓa shan abu mai daɗi irin wannan ba. Ya ce shi neman magana yake yi, ko ɗanɗanon bai ji ba don faɗuwar gaba. A hanyar dawowa sau huɗu ya sa direba ya tsaya. Ita kuwa ta riƙe maganar. Shekara talatin da wani abu, kullum bayan La'asar. Ya taɓa gwada ba maƙwabci, ta gane, ta yini ba ta ci abinci ba. Kyauta ɗaya ce ba ta ɓata mata rai: in ya ba mai neman 'yarta. Ya aurar da uku, kowane biki ana taya shi murna shi yana lissafin ya rasa mai sha.

Ya ce, "Surayya ce ta ƙarshe. In na ba ka ita, wa zai zo zaure?"

Nan na gane ɗage-ɗagen. Nan na gane ƙarshen sahu.

Ya ce waccan Asabar da ya ga fitata ta biyu ya san tafiyar, don tafiyarsa ce. Ya ce kwana ya yi yana istigfari, ya ɗauki cutarsa a hannu biyu ya kai wa ɗan mutane har gida. Abin da ya hana shi nemana ke nan, kunya.

Ban san lokacin da na fito da robar ba. Na yi masa bayani. Na so in taƙaita, amma na fara daga maigadi, ya kuwa saurara har ƙarshe, ya ma tambayi aikin shago na uku. Na ce ba a gama sani ba. Ya ce ko a Sabo akwai irin waɗannan shagunan. Ya tambaya da me ake yin maganin, kada a ba shi abin da bai halatta ba. Na ce daga wata irin funfuna ake samo shi, ba daga dabba ba, na nuna masa a takarda. Ya tambaya ko zai warke. Na ce a'a, ba ya warkarwa, aron almakashin raba sukarin ne kawai, duk sha sai an tauna, kuma ba kowa yake yi wa aiki daidai ba. Ya ce ni dai ban iya talla ba.

Ya tauna biyu, na tauna biyu. Ya ɗaga faifai ya yi bisimilla. Ludayi ɗaya ne, muka riƙa miƙa wa juna.

Bai ce komai game da magabata ba. Ya ce mu ga Isha tukuna.

Lahadi, da asuba bayan salla

Ni dai lafiya. Wannan karon da gaske.

Jiya da Isha na shiga masallaci na nufi ƙarshen sahu, na tarar ba kowa a wurin. Liman ya yi tafiya, ana ta duban wanda zai ja. Kamar kullum wani ya ce Malam Ladan, don a fita hakki, har ya juya yana neman wani. Sai Malam ya gyara hula ya wuce gaba.

Ashe murya gare shi. Ya ja sura mai tsawo a raka'ar farko. A ta biyu ya ja wadda ta fi ta. Wani tsoho kusa da ni sai da ya zauna. Bayan sallama ya yi addu'a har masu shaguna suka fara leƙen ƙofa, shi ko gezau.

Na tsaya har ƙarshe. Ni ma ban yi sauri ba.

Lahadi, da yamma

Kawu Zubair na guga. An ce su zo ran Juma'a.

Surayya ta turo saƙo: "Malam Bakteriya, me ka ba Baba? Yau a tsakar gida ya sha madararsa, a gaban Inna, har ya ce a ƙara. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba." Na ce mata sirrin maza ne. Ta ce za ta ji, ai saura kaɗan.

Na kira Sumayya na ce ta riƙa aiko da roba biyu duk wata. Ta ce wannan wane irin bincike ne. Na ce mai dogon zango.

Rabe ma ya kira, tsohon ya miƙe, jibi yana hanya. Ya ce in gaya wa Inna ɗan rakiya ya kusa dawowa. Ban gaya masa ba tukuna. Gara ya ji a zaune.

Ɗazu na bi ta gaban shagon littattafai. Malam ya yafito ni, ya miƙo hannu ƙasa-ƙasa na zuba masa na gobe, ya ƙulle a bakin rawani. Na juya zan tafi ya kira ni. Ya ce yau ne karon farko da ya sha a hankali, ba ya tunanin ƙofar masallaci, har ya tsaya ya ji ɗanɗanon.

Ya ce, "Abdulrahim, ashe gaskiya na gaya mata."